Bangaskiya a Ƙasar da Ta Daina Zuwa Coci

Ƙaunatattuna cikin Ubangiji, iyayena maza da mata, dattawan ikilisiya, 'yan Zumuntar Mata, samari da 'yan mata, na dubi fuskokinku na ga Jos da Kafanchan, na ga Biliri da Numan, na ga Zuru da Mubi da Wusasa. Wasunmu karatu ya kawo su Ingila, wasu aikin asibiti, wasu aikin kula da tsofaffi, wasu kuwa aure. Ko ta wace ƙofa muka shigo, Allah ne ya buɗe ta, kuma Allah ba ya buɗe wa bawansa ƙofa don banza. Saboda haka ina roƙonku ku ba ni kunnuwanku, domin maganar da ke cikina tana da nauyi, kuma ƙauna ce ta sa ba zan iya haɗiye ta ba.

Mu fara sanin ƙasar da muke zaune a cikinta. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2011, kashi 59.3 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kirista ne. Da aka sake ƙidaya a 2021, adadin ya sauko zuwa kashi 46.2, karo na farko ke nan da ya gaza rabi. Waɗanda suka ce ba su da addini ko kaɗan sun kai kashi 37.2, wato mutum sama da miliyan 22. A takarda, Sarki Charles shi ne shugaban Cocin Ingila, bishop 26 kuma suna da kujeru a Majalisar Dattawan ƙasar. A titi kuwa, kun gani da idanunku: majami'un da kakanninsu suka gina da dutse sun koma gidajen haya, wasu shaguna, wasu ma mashaya. Tun dokar 1994 manyan kantuna suke buɗewa ranar Lahadi, har ranar Ubangiji ta zama ranar cefane da kallon ƙwallo. Maƙwabcinka ba ya ƙinka don kai mai bi ne. Ba ya zaginka, ba ya jifanka. Abin bai dame shi ba ne kawai. A ganinsa addini sha'ani ne na cikin ɗaki, wanda ba a fitowa da shi bainar jama'a.

'Yan'uwa, mu da muka fito daga arewacin Najeriya mun san wani irin gwaji dabam. Mun san Kaduna ta shekarar 2000. Mun san Jos ta 2001. Mun san safiyar Kirsimetin 2011 a Madalla, da bam ya tashi a bakin coci mutane suna fitowa daga sujada. Mun san Chibok. Akwai a cikinmu waɗanda suka taɓa shiga sujada bayan an caje su a bakin ƙofa, akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa ranar Asabar, Lahadi kuma suka dawo suka rera waƙa da hawaye. Wutar nan ba ta cinye bangaskiyarmu ba. Iyayenmu mata sun ɗaura zanen zumunta, sun ɗauki tulun kiɗa, sun tafi coci alhali ba su san ko za su dawo gida ba.

To, ga tambayar da ke hana ni barci. Yaya aka yi wanda harsashi bai hana shi zuwa sujada ba, yau yayyafi ya hana shi? Yaya aka yi wadda ta yi tafiyar ƙafa mai nisa zuwa taron addu'a, yau ga mota a ƙofar gida amma ta kasa fitowa? Gobara kowa yana ganinta, a yi kururuwa, maƙwabta su fito da bokitai. Gara kuwa shiru take cin azara, ɗaki yana tsaye da kyansa, sai ranar da rufi ya rufto a kan masu barci. A gida gobara muka sani. A nan gara ce, kuma tana cikin gidajenmu.

Ba wanda ya tashi da safe ya ce yau zan bar Yesu. Da kaɗan-kaɗan abin yake zuwa. An ce akwai ƙarin kuɗi ga mai aikin Lahadi, ka karɓa sau ɗaya, ka karɓa sau biyu, har ya zama kai ne kake roƙo a sa ka. Ka ce za ka bi sujada ta intanet, kana bi kana wanke-wanke, kana bi kana amsa saƙo, daga baya ko kunnawa ba ka yi. Addu'ar iyali ta koma sai an samu lokaci, lokacin kuma ba ya samuwa. Littafi Mai Tsarki yana cikin waya, amma wayar tana da ƙofofi dubu, kuma ba tasa ake fara buɗewa ba. Baiko ya ragu, zakka ta tsaya, saboda haya da kuɗin wuta da ginin da ake yi a gida. Manzo Bulus ya ambaci wani abokin aikinsa mai suna Dimas, wanda ya rabu da shi ba don an doke shi ko an ɗaure shi ba, sai don zuciyarsa ta koma ga duniya. Cikin Wahayin Yahaya kuma, ikilisiyar da Ubangiji ya tsawata wa da zafi ita ce ta Lawudikiya, garin arziki da kasuwanci, wadda ba a ambaci wani tsanani a kanta ba. Wadata ce ta sanyaya ta, har ta ɗauka ba ta bukatar kome.

Kada wani ya ji kamar ban san wahalarku ba. Na sani. Na san 'yar'uwar da take tsayuwa awa 12 tana ɗaga tsoho tana kwantar da shi, ta fito ƙafafunta sun kumbura. Na san ɗan'uwan da kafin albashi ya shigo an riga an raba shi: kuɗin makarantar ƙanne, maganin Baba, takin gona, kuɗin sabunta biza. Ciwo ba ya hutun Lahadi, kuma ma'aikaciyar jinya da layin aiki ya faɗo mata ranar Ubangiji, tana bauta wa Ubangiji ne a gefen gadon nan, kada kowa ya ɗora mata laifi. Maganata tana kan abin da muke zaɓa da hannunmu. Idan akwai zaɓi, me muke zaɓa? Idan aka ba mu Lahadi, ina muke kai ta? Wanda aiki ya hana shi safiyar Lahadi, ina taron tsakiyar mako? Ina mutum biyu ko uku da zai durƙusa tare da su? Marubucin wasiƙar Ibraniyawa ya gargaɗi masu bi kada su saba da barin taruwa, domin ya san bangaskiyar da ta kaɗaita ba ta daɗewa.

Sai kuma 'ya'yanmu. A nan ne zuciyata ta fi ciwo. Mun ce saboda su muka zo, mun ce don su samu abin da ba mu samu ba, to kada mu ba su Ingila mu hana su Almasihu. Yaron nan yana wuni cikin mutanen da ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, yana jin tambayoyin da mu ba mu taɓa ji ba muna shekarunsa: in akwai Allah, me ya kawo wahala? Me ya sa za a ce hanya ɗaya ce? Ya dawo gida ya tambaye ka, ka daka masa tsawa ka ce ya zama ɗan Turawa. Ya uba, tsawa ba amsa ba ce. Yaron da aka rufe wa baki a gida zai kai tambayarsa wani wuri, kuma wanda ya amsa masa shi zai mallaki zuciyarsa. Zauna da shi. Buɗe Littafin tare da shi. Abin da ka sani ka faɗa, abin da ya fi ƙarfinka ku je wurin fasto tare. In Hausarsa ta yi rauni, yi masa addu'a da harshen da yake ji, domin mu ma ba da Ibrananci ko Girkanci bishara ta same mu ba. An sha wahala aka juya mana ita zuwa harshen iyayenmu, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Koya masa Hausa, hakkinsa ne, gādonsa ne. Amma kada ka mai da ita sharaɗin sanin Yesu.

Ku tuna da Daniyel. Yana saurayi aka kwashe shi zuwa Babila. Ya yi karatun Babila, ya iya harshensu, sun canza masa suna, ya yi wa sarakunansu aiki da aminci har maƙiyansa suka rasa laifin da za su kama shi da shi. Amma gwiwarsa ba ta daina taɓa ƙasa sau uku a rana ba, ko da aka kafa doka a kan haka. Irin 'ya'yan da nake roƙon Allah ya tayar daga gidajenmu ke nan: su fi kowa iya aiki, su fi kowa gaskiya, su kuma san wanda suke durƙusa wa. Amma Daniyel bai koyi addu'a a Babila ba. Da ita ya zo daga gida.

Yanzu bari in juyo kan waɗanda suke cewa a ransu, mu dai ba mu fasa zuwa coci ba. Madalla, Allah ya ƙara ƙarfi. Amma akwai wata cuta ta biyu, ita kuwa masu himma take kamawa. Mun yi hayar zaure, muna zuwa da motocinmu daga nesa, mu yi waƙarmu, mu ci tuwonmu, mu yi hirar gida, mu kulle ƙofa mu watse. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, mutanen layin nan ba su san mu da kome ba sai ƙarar lasifika da motocin da suka tare musu hanya. Ba mu san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Muna addu'a Allah ya kawo farkawa a Ingila, amma ba mu taɓa ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar da ke jikin bangonmu ba. 'Yan'uwa, wannan ƙungiyar 'yan gari ɗaya ce, kuma ƙungiya ba laifi ba ce, amma ba don ita Almasihu ya zub da jininsa ba.

Da aka kai mutanen Yahuza bauta Babila, annabawan ƙarya sun ce musu kada su kwance kaya, komawa ta kusa. Annabi Irmiya ya aika musu da wasiƙa, tana nan a sura 29, ya umarce su da akasin haka: su zauna, su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa garin da ya ci su da yaƙi addu'a, su nemi alherinsa, domin zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa. In an ce wa bayi su nemi alherin garin da ya kamo su, ina ga mu da muka shigo da ƙafafunmu, muke cin abincinmu a nan, 'ya'yanmu suke karatu a nan?

Kada hasken titi da kyan gine-gine su rufe mana ido. Ƙasar nan tana da yunwa. Ƙungiyar Trussell Trust, mai rarraba abinci ga mabukata, ta raba ƙunshin abincin gaggawa sama da miliyan 3 daga Afrilun 2023 zuwa Maris na 2024, fiye da miliyan 1 daga ciki na yara ne. Ƙasar nan tana da kaɗaici, har ta kai a 2018 gwamnati ta naɗa minista ta ɗora mata alhakin wannan matsala. Ku masu aiki a gidajen tsofaffi kun fi ni sani: akwai dattijon da zai yi watanni ba wanda ya leƙo shi, akwai tsohuwar da take riƙe hannunki ba don tana bukatar magani ba, sai don ta ji ɗumin hannun mutum. Akwai masu zaɓa tsakanin cin abinci da ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturu. Akwai waɗanda bashi ya shaƙe su har suna tsoron buɗe wasiƙa. A garinmu talaka yana da maƙwabci. A nan sau da yawa ko wannan ba shi da shi.

Kuma Allah bai bar kansa ba shaida a ƙasar nan ba. Trussell Trust ɗin nan wasu ma'aurata masu bi ne suka kafa ta, Paddy da Carol Henderson, kuma rumbunsu na farko na raba abinci a garin Salisbury ya fara ne a shekarar 2000 daga ɗan ɗakin ajiya na gidansu. Har yau ɗimbin wuraren rabon a cikin majami'u suke. A Bradford, John Kirkby, wanda shi kansa ya ɗanɗani azabar bashi, ya kafa Christians Against Poverty a 1996, suna zama da mai bashi su tsara masa hanyar fita ba tare da karɓar ko kwabo ba. A Brixton cikin Landan, Fasto Les Isaac, baƙo kamarmu, haifaffen tsibirin Antigua, ya fara aikin Street Pastors a 2003 da mutum 18. Suna fita cikin dare har wajen asuba, inda matasa suke fitowa daga mashaya, su ba wannan ruwa, su ba waccan silifa saboda kada ta taka kwalba, su zauna da mai kuka, su raka wanda ya ɓata. Ba sa ɗaga murya, ba sa tilasta wa kowa jin wa'azi, amma sunan aikinsu yana rubuce a rigunansu, kuma 'yan sanda da hukumomin gari suna aiki tare da su. Al'ummar da ta toshe kunne ga ƙararrawar coci ba ta iya rufe ido ga wanda ya durƙusa yana share wa ɗanta amai da ƙarfe uku na dare.

Haka ikilisiya ta yi tun farko. Da annoba ta afka wa daular Rum a tsakiyar ƙarni na uku, mutane suna gudu suna barin 'yan'uwansu a titi, Bishop Sifiriyan na Kartaj ya tara masu bi ya ce su yi jinyar kowa, har da waɗanda suke tsananta musu. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Sarki Juliyan, wanda ya so ya maido da bautar gumaka, ya yi ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu, suna kuma ciyar da na masu bautar gumaka. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida. Mu ma mun ga irin wannan jinƙai da idonmu, daga inda ba mu zata ba: a watan Yunin 2018, a ƙaramar hukumar Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum sama da 200, galibinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya sa ransa a gaba.  Mu da aka yi wa haka, da wane baki za mu ce sai namu za mu taimaka wa?

Akwai kuma bashin da ke kanmu. Daga ƙasar nan Likita Walter Miller ya taso ya zauna a Zariya, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyon harshenmu. Asibitin Wusasa da na Vom, da makarantun da iyayen da yawa daga cikinmu suka koyi karatu a ciki, gumin waɗanda suka bar gidajensu ne, da kwabban talakawan da suka yi baiko a majami'un nan da muke gani a rufe yau. Sun zo mana da Littafi a hannu ɗaya, magani a ɗaya hannun. Jikokinsu ne muke yi wa wanka, jikokinsu ne suke zaune su kaɗai a bayan labule. Allah ya juyo da mu nan a daidai wannan lokaci, kuma ban yarda cewa don fam kawai ya yi haka ba.

Amma ku kula da kyau. Hidimarmu kada ta zama tarko. Wanda ya zo karɓar abinci a ba shi abinci da mutuncinsa, ko ya saurari bishara ko bai saurara ba. A wurin aiki akwai ƙa'ida, ba a yarda ka ɗora wa majiyyaci addininka ba, kuma daidai ne mu kiyaye ta, domin wanda ke kwance ba shi da ƙarfin ce maka a'a. Sai dai kuma kada mu faɗa ɗaya ramin, mu zama masu rabon kaya da suke jin kunyar sunan Yesu. Ikilisiyar da ta ajiye gicciye don a karɓe ta, ba ta da abin da za ta bayar wanda hukuma ba ta bayarwa. Ka yi aikin da kyau, ka yi shi da haƙuri, ka yi shi har a tambaye ka dalili. Ranar da aka tambaya kuwa, Manzo Bitrus ya ce mu zama a shirye mu amsa cikin ladabi da tawali'u. Kada ka ce hali ne kawai, kada ka ce al'adarmu ce. Faɗi sunan wanda ya fara ƙaunarka.

Ƙaunatattu, rana tana zuwa. A Matiyu sura 25 Ubangijinmu ya nuna mana yadda shari'ar za ta kasance, kuma abin da zai duba ya isa ya sa mu rawar jiki: mayunwaci, mai ƙishi, baƙo, marar sutura, majiyyaci, ɗan kurkuku. Ya ce abin da aka yi musu shi aka yi wa, abin da aka hana su shi aka hana. A ranar nan ba za a nemi takardar zama ba, ba za a ƙirga gidajen da muka gina a Jos ko Abuja ba. Za a tambaye mu 'ya'yan da aka ba mu amana. Za a tambaye mu layin da muka zauna shekara da shekaru. Mai aminci kuwa ladansa ba ya ɓata: ko kofin ruwan sanyi, Ubangiji ya yi alkawari ba zai manta da shi ba. Da alheri aka cece mu, ba da aikinmu ba, amma bangaskiyar da ba ta motsa hannu da ƙafa Manzo Yakubu ya kira ta matacciya.

Saboda haka ina roƙonku saboda jinƙan Allah, kada wannan magana ta tsaya a bakin ƙofar nan. Dattawa, ku buɗe littafin kuɗin ikilisiya ku duba nawa ne yake fita zuwa ga wanda ba namu ba, in babu, ku gyara kafin shekara ta ƙare. Ku je ku gaisa da limamin cocin unguwar nan, ku tambaye shi inda hannu ya yi musu kaɗan, domin ba sai mun kafa namu ba kafin mu yi hidima. Iyayena na Zumuntar Mata, ku kuka koya mana cewa zumunta a ƙafa take, to ga tsofaffi nan a layinku, ku taka. Matasa, kuna da harshen ƙasar nan da ƙarfin tsayuwar dare, ku ba da sunayenku. Kai kuma uban gida, tun daren yau ka tara iyalinka, ka kashe talabijin, ka buɗe Littafin, ko da minti goma ne. Wanda ya daɗe bai zo sujada ba, kada ku yi gulmarsa, ku je ku ɗauko shi. In kuwa kai ne zuciyarka ta yi sanyi, ɗan'uwana, ƙofar tuba a buɗe take, Ubanka yana jiranka. Ka dawo yau, kada ka ce sai Lahadi mai zuwa. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.